Manhajar da ba ta korar baƙo

A Zongon Yamai, ba nisa da Babbar Kasuwa, akwai wani ɗaki mai fanka ɗaya da kwamfuta uku, inda wasu samari ke rubuta wa 'yan kasuwa manhajar lissafi. Da hantsi masu shaguna ke leƙowa da ƙorafi, da Hausa ko Zabarmanci, wani ma da Faransanci. Aiki na gaske sai bayan azahar, in wuta ba ta ɗauke ba. Shayi kuwa ba ya sauka daga kan gawayi.

Wasu bayanan da manhajarsu ke karɓa a tsarin XML suke zuwa, tsarin da ya fito tun 1998, wanda kowane bayani ke da gurbinsa da sunansa: suna, adadin kuɗi, lambar waya. Saƙonnin bankuna na ƙa'idar ISO 20022 ma da shi ake rubuta su. Sai dai fa gurabun ba sa zama yadda aka bar su. A Janairun 2021 Kwaddibuwa ta mai da tsawon lambar waya daga lambobi 8 zuwa 10, Benin ta bi sahu a Nuwamban 2024. Alhajin da ke da abokin ciniki a Abijan ko Kwatano bai san wannan ya shafi kwamfutarsa ba, shi dai ya ga rasidi ya ƙi fita. Manhajar da aka ƙulle a kan 8 ce ta toge.

Shi ya sa gardamar ɗakin takan koma kan kayan aikin da ke karanta XML. Akwai mai tsauri: da mai aiko saƙo ya ƙara gurbi ɗaya, ko da ba na dole ba ne, sai ya watsar da saƙon gaba ɗaya. JAXB na masu Java, tun fitowa ta 2, tsallake abin da bai sani ba yake yi ya wuce. Amma in ya sake rubuta saƙon, wancan gurbi ya ɓace, sai in an yi masa tanadi. XMLBeans kuwa yana riƙe da komai. A ganina wannan ne halin tsohon mai masaukin Zongo, wanda fatake ke sauke masa ƙunshin da bai san cikinsa ba, ya ajiye, ya mayar yadda aka ba shi.

Haƙurin yana da iyaka. Gurbin adadin kuɗi in ya ɓace ko ya sauya ma'ana, dole manhaja ta tsaya ta yi ƙara; sefa ba abin tsallakewa ba ce.

Kafin samarin su kai wa kowa sabuwar manhaja, babban cikinsu yakan sa a ɗura mata tsofaffin saƙonni na shekarun baya, sannan a cusa wa ɗaya gurbin ƙarya da gangan. In ta shaƙe, ƙaramin cikinsu ne zai kwana a kanta, shi ne kuma zai sayo sukarin gobe.