Maskara da Kwalli: Ina Gaskiya, Ina Ƙanzon Kurege?

Da an kai amfanin gona gida, bukukuwa suka kankama a Minjibir da Kunya da ƙauyukan gefen dam ɗin Wasai, sai kasuwar kayan kwalliya ta buɗe. A cikin kayan har da maskara, 'yar siririyar kwalbar nan mai burushi da ake shafa wa gashin ido, wadda 'yan koli da dillalai ke sarowa daga kasuwar Sabon Gari ta Kano. Wadda ake yayi yanzu ita ce mai cika gashin ido. Zantuka kuwa sun biyo ta: wasu na cewa tana tsirar da sabon gashi, wasu na cewa makantarwa take yi, wasu har rantsuwa suke yi da kashin jemage ake haɗa ta.

Batun tsirar da gashi ba gaskiya ba ne. Yawancin abin da ke cikin kwalbar kaki ne, na zuma ko na itace, da baƙin launi, da wani ɗanko mai riƙe su, wani lokaci da gutsattsarin zaren leda ƙanana. Suna lulluɓe kowane silin gashi ne ya yi kauri, kamar yaɓen da ake yi wa katangar ƙasa kafin damina. Ana wankewa, gashi ya koma yadda Allah ya yi shi. Akwai maganin da ke ƙara tsawon gashin ido da gaske, bimatoprost, wanda asalinsa na hawan jinin ido ne, hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta amince da shi don wannan aiki a 2008. Shi kuwa likita ke rubuta shi, ba a faifan ɗan koli ake samunsa ba.

Masu cewa tana zubar da gashin ido suna da ɗan abin kamawa. Gashin ido dama yakan faɗi da kansa wani ya fito. Amma wadda ke kwana da maskara, da safe ta bushe ta yi tauri ta kama murza ta da ƙarfi, ita ke karya gashinta da hannunta. Ɗan man zaitun a auduga ya isa ya narkar da ita.

Kashin jemage kuwa, babu shi. Abin da wasu kamfanoni ke sawa don ƙyalli daga ɓawon kifi ake samo shi.

Zancen makanta yana da tushe, sai dai tsoho ne. A 1933 wani rinin gashin ido mai suna Lash Lure ya makantar da wasu mata a Amurka, kuma yana cikin abubuwan da suka jawo dokar 1938 da ta sa ido kan kayan kwalliya a can. Maskara mai rajista ta yau ba wannan rinin ba ce. Haɗarinta yana ga yadda muke amfani da ita. Ki leƙa ɗakin amarya ranar kamu: mai kwalliya ta zaunar da ƙawaye a layi, burushi ɗaya ta tsoma ta shafa wa wannan, ta mayar cikin kwalba ta shafa wa waccan, har da mai jan ido da kwantsa a gefe. In ta ga ta fara bushewa sai ta ɗiga ruwa, wata ma yawu take tofawa. Cikin kwalbar ga duhu ga danshi, wurin da ƙwayoyin cuta ke so ke nan. Ta haka Apolo ke zaga gidan biki, hazbiya ta biyo baya. In kuma burushi mai datti ya karci baƙin ido, a nan ne ake iya rasa gani. Shi ya sa masana ke cewa kwalbar da aka buɗe kada ta wuce wata 3, kuma kada a yi aron ta ko tsakanin ya da ƙanwa.

Akwai kuma maganar alwala. Irin wadda ruwa ba ya wankewa, gaskiya ne tana yin shamaki a kan gashi, don aikin da aka yi ta dominsa ke nan. Mai son kwanciyar rai ta sayi mai fita da ruwa.

Abin da ya fi damuna shi ne zancen da iyayenmu mata suka fi yarda da shi, wai a bar kayan Turawa a koma wa kwalli, shi ne ba ya cutarwa. Ismidin da ya zo a hadisi daban, dutsen nan mai ƙyalli kamar azurfa da ake niƙawa a zuba a tandu sau da yawa daban: ma'adinin dalma ne. A 2011 likitoci a Boston ta Amurka suka sami dalma a jinin wani jariri ɗan wata 6, ɗan asalin Nijeriya. Da aka auna kwallin da ake sa masa, wanda daga gida aka kai, sai aka tarar kashi 82.6 cikin 100 dalma ce. Yaro yakan murza ido ya kai hannu baki, gubar ta riƙa taruwa kaɗan-kaɗan tana taɓa ƙwaƙwalwa ba tare da an ga alama ba. Mu da muka ji abin da gubar dalma ta yi a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na Zamfara a 2010, inda yara fiye da 400 suka rasu sanadin niƙa dutsen zinariya a gidaje, ba ma bukatar dogon bayani. Wadda ke shiga jini ta hanyar kwalli ba ta kai waccan yawa ba, amma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu adadin dalma a jini da za a kira maras illa. Rambaɗa wa jariri kwalli tun ranar suna ya fi kowace maskara haɗari.

To, maskara ta cancanci a saya? Ga mai son idonta ya fito a hoton biki, ta cancanta, in ta san kauri kawai za ta samu. Ki duba lambar NAFDAC da ranar ƙarewar aiki, ki ƙi wadda aka riga aka ɓalle bakinta ko ta sha rana a faifai. Ki shinshina; mai wari ta lalace. A gida ki shafa a ido ɗaya, ki fita tsakar gida da madubi ki gwada da ɗayan. In gashin ya cure wuri guda, ko kafin azahar baƙi ya zubo ƙarƙashin ido, kuɗinki sun tafi a banza. In ido ya yi ja yana zafi, ki wanke, ki jefar da kwalbar, ki nufi Babban Asibitin Minjibir.

'Yar'uwa, ranar biki ki tafi wurin mai kwalliya da maskararki a jaka, jaririnki kuma ki bar masa idonsa haka nan.