Daga Zaure Zuwa Ƙofar Makaranta: Rabon Uwargida a Tsaron Yara

Da mai daka, da mai tankaɗe, da mai ɗinkin hula a bakin ƙofar ɗaki, kowacce ta matso kusa da akwatin rediyonta, domin maganar yau ta shafi duk gidan da yaro ke fita da safe rataye da jaka ko riƙe da allo.

Idan aka ce tsaro, da yawanmu sai mu ce ai wannan aikin maza ne, aikin 'yan sanda da 'yan sintiri. Wata ma za ta ce, "Ni da ko zaure ba na leƙawa sai da dalili, me zan iya?" To 'yar'uwa, zaman gida ƙafarki ya tsare, bai toshe miki kunne ba, bai rufe miki ido ba. Maigida yana kasuwa ko ofis tun safe. Ke kika san ƙarfe nawa yaron ya fita, wace riga ya sa, da wa ya tafi. Ke ce kuma ta farko da za ki ga fuskarsa idan ya dawo. Wannan sanin shi ne farkon tsaro, kuma a hannunki yake.

Dukkanmu mun ji labarin Chibok a 2014, da Dapchi a 2018, da Ƙanƙara a 2020, da Jangebe a 2021, inda aka kwashe ɗalibai da bakin bindiga. Wannan masifa ta fi ƙarfin uwa, nauyi ne a wuyan hukuma, Allah Ya kawo mana ƙarshenta. Amma akwai ɓarnar da ba ta zuwa da bindiga, wadda ke bin lungu a hankali ta ɗauki yaro ɗaya. Ita ce za mu tattauna, kuma zan tuna muku abubuwa biyu da suka faru a Kano.

A watan Oktoba na 2019, 'yan sanda suka nuna yara 9 da suka ceto daga hannun wani gungu da ke satar yara a unguwannin Kano yana kai su Anacha, cikin Jihar Anambra, yana sayarwa. An sauya musu suna, wasu sun shekara da shekaru ba su ga iyayensu ba. Asirin ya tonu ne ta dalilin wani yaro da aka ɗauke a 'Yankaba yana dawowa daga Islamiyya. A 2021 kotu ta ɗaure jagoran gungun shekara 104.

Na biyun kuwa, babu uwar da ta manta da shi. A watan Disamba na 2021 aka sace wata yarinya 'yar shekara 5, ita ma a hanyar dawowa daga Islamiyya, aka nemi fansar Naira miliyan 6. Da bincike ya yi bincike, sai ga shi mai makarantar bokon da take zuwa ne ya ɗauke ta, mutumin da har gida ya je jajanta wa iyayenta. A Janairun 2022 aka tono gawarta a harabar makaranta, a Yulin wannan shekarar kuma kotu ta yanke masa hukuncin kisa, shi da abokin aikinsa guda. Allah Ya jiƙanta, Ya ba iyayenta haƙuri.

Darasi biyu ke nan. Na farko, hanyar da ke tsakanin gida da makaranta ita ce wurin da yaro ya fita daga hannun uwa kuma bai shiga hannun malami ba, a nan mugu yake jira. Na biyu, ba baƙo kaɗai ake tsoro ba. Hausawa sun ce da ɗan gari akan ci gari. Saboda haka faɗin "kada ka bi wanda ba ka sani ba" bai isa ba.

Mu fara da fita. Kada ƙaramin yaro ya tafi shi kaɗai, ko da makarantar a bayan layinku take. Ki yi magana da maƙwabtanki ta katanga ko ta waya, yaran gida uku ko huɗu su haɗu a zaure guda, su tafi tare su dawo tare, a ɗora babban cikinsu ya riƙa ƙirga su. A zaɓa musu hanya guda mai jama'a, a hana su yanke ta kango ko bayan maƙabarta ko bakin kududdufi. Ki san lokacin tashi. Idan ana tashi ƙarfe 6, tafiyar kuma ta minti goma ce, to shida da rabi ta yi ba ki ji sallamarsu ba, ki ajiye muciya ki tura a duba. Kada ki ce ai wasa suka tsaya.

Sannan ki koya wa yaro dokar nan har ta zauna masa kamar karatun allo: babu wanda zai bi, ko malami ne, ko kawu ne, ko maƙwabci, sai wanda ke ko babansa kuka faɗa masa da bakinku tun da safe. Idan wani ya ce, "Zo, mamarka ce ta aiko ni," amsarsa ita ce, "Bari in je gida tukuna." Ba ya shiga a-daidaita-sahu ko motar kowa don an ce za a rage masa hanya. Ba ya karɓar alewa ko kuɗi. Idan aka kama hannunsa, ya ƙwalla ihu ya ruga wurin mai shago ko mai shayi ko cikin gidan da ya ji muryar mata. Mun saba koya wa yara kada su yi wa babba gardama, kuma tarbiyya ce mai kyau, amma su san a nan wurin gardamar ba rashin kunya ba ce. Ki kuma tabbata ya haddace cikakken sunan mahaifinsa, sunan unguwa, da lambar waya guda. Yaro ɗan shekara huɗu da ke iya haddace gajerun surori zai iya riƙe lambobi goma sha ɗaya.

Sai makarantar kanta. Ki nemi izinin maigida ki je ki gan ta da idonki ko da sau ɗaya a zango, in bai samu ba ki tura yaya ko goggo mai hankali. Abin da za a duba: akwai katanga da ƙofa guda mai gadi? Wa ake damƙa wa ƙananan yara in an tashi? Suna da lambar iyaye, kuma suna kira idan yaro bai zo ba? Ina banɗakin 'yan mata yake, a keɓe yake da na maza? Malami yana tsare yarinya ita kaɗai bayan an tashi? Makarantar tana da rajista da hukuma? Bayan abin da ya faru a 2022, gwamnatin Kano ta soke lasisin makarantu masu zaman kansu domin a sake tantance su, to ke nan tambayar rajista ba tsegumi ba ce. Idan aka kira taron iyaye da malamai, ki tuna wa maigida, ki kuma lissafa masa tambayoyinki ya tafi da su.

Yanzu yaro ya dawo. Nan ne aikinki ya fi na kowa. Kafin ki ce, "Ɗauki bokiti ka ɗebo ruwa," ki ba shi abinci ki ɗan ja shi da hira: yau me aka koya, wa ya raka ku, wa kuka gani a hanya? Ki duba jakarsa. Kuɗi ko biskit ko abin wasan da ba ke kika ba shi ba, ki tambayi tushensa cikin lumana. Ki lura da yaron da ya saba son makaranta ya koma kuka da safe, ko mai surutu ya yi tsit, ko babba ya koma fitsarin kwance, ko yarinyar da tafiyarta ta sauya, ko take ɓuya in ta ji muryar wani mutum a zaure. Wurin wanka ki koya musu, mace da namiji, cewa duk inda wando ya rufe babu mai taɓawa, kuma duk babban da ya ce "kada ka faɗa wa mamarka", to wannan maganar ce ta fi cancanta a faɗa miki.

Amma fa yaro ba zai faɗa wa uwar da ke tarbar sa da bulala ba. Idan ya zo da magana mai nauyi, ki danne zuciyarki, ki saurara, ki ce masa ba laifinsa ba ne. In abin ya kai ga an lalata yarinya ko yaro, kada a yi masa wanka, kada a wanke tufafin, a garzaya asibiti, domin maganin kariya daga cutar ƙanjamau cikin awa 72 ake fara shi, bayan nan kuma ba ya aiki. A sanar da hukuma. Na san ana cewa a rufa asiri don gudun abin kunya, ko don mai laifin ɗan dangi ne. Wanda aka rufa wa asiri yau, gobe 'yar maƙwabciyarki zai taɓa.

Wannan zaman namu na gida da ƙafafun yara yake tafiya, su ne 'yan aikenmu, su ne masu kai mana ƙosai da ɗanwake kasuwa. Ba na ce a daina sana'a ba. Amma a daina aiken yaro bayan magariba. Mai talla kada ta shiga ɗakin kowa ko shagon da aka tura ƙofa, mai saye ya fito waje. Kuma uwar da ke cewa "kada ki dawo sai kin sayar" ta sani ta tura 'yarta hannun duk wanda zai saye ragowar.

Mu juyo kan ɓarnar unguwa: ƙwacen waya, daba, shaye-shaye. 'Yan'uwa, waɗannan samari ba daga sama suka faɗo ba, kowannensu a wani gida yake cin tuwo, kuma wata uwa ce ke wanke masa kaya. Uwa ce ke fara ganin wayar da ba a san inda ya samo ta ba, da wuƙar da ke ƙarƙashin katifa, da kwalaben maganin tari a bayan ɗaki, da jan ido da barcin rana. Tun a watan Mayu na 2018 gwamnatin tarayya ta hana yi da shigo da maganin tari mai kodin, amma ƙwayoyi irin su taramol da shaƙar sholisho ba su bar unguwanni ba, kuma ba maza kaɗai suke kamawa ba. Idan kin ga alama, ranar nan za ki faɗa wa mahaifinsa, in babu shi kawunsa ko limami. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Hukumar NDLEA ban da kame tana ba da shawara ga masu son su daina, asibitocin ƙwaƙwalwa ma suna karɓar su. Uwar da ke ɓoye ɗanta a ƙuryar ɗaki in an biyo shi da kayan sata, tana jin tausayinsa take, alhali ranar da za a kawo mata shi a makara take matsowa da ita. Kuma kada mu sayi waya ko atamfa mai arhar banza daga hannun yara, domin mai sayen kayan sata shi ke ba ɓarawo aiki.

Ɗa na kowa ne. Abin da ido ɗaya bai gani ba, idanu goma za su gani. A wurin suna da biki da Islamiyyar matan aure, mu ware minti biyar mu tambayi juna: wane kango ne samari ke taruwa, wane mai shago ne ke jan yara ciki, wa ya kama haya kwanan nan ba a san sana'arsa ba? Almajirin da ke yi miki wanke-wanke da mai kawo miki ruwa suna ganin abin da ba kya gani, ki saurare su, ki kuma tuna shi ma almajirin ɗan wata ne. Abin da kuka tabbatar, ku ba mazajenku su kai wa mai unguwa, shi ya san yadda zai haɗa da dagaci da 'yan sintiri da Hisba da ofishin 'yan sanda. Sai dai a bambance abin da aka gani da abin da aka ji. Saƙon WhatsApp da ba ki san tushensa ba, kada ki tura. Ihun "ɓarawon yara" ya sha jawo a kashe bayin Allah da ba su ji ba ba su gani ba. Wanda ake zargi a damƙa shi ga hukuma da ransa.

In kuwa, Allah Ya kiyaye, yaro ya ɓata, kada a ce bari gari ya waye. Nan take a kira mahaifinsa da makaranta, a tambayi yaran da suka fita tare, a yi cigiya a lasifikar masallaci, a sanar da mai unguwa da 'yan sanda, a kai sanarwa gidan rediyo. Lambar gaggawa ta ƙasa ita ce 112, amma ki rubuta lambar mai unguwa da ta shugaban makaranta a takarda ki liƙa a bango, don ranar ruɗu ba a tuna komai. Ki ajiye hoton kowane yaro na kwanan nan. A tura samari tashoshin mota da wuri, su tafi da hoton da bayanin tufafin da ke jikinsa.

Aikin da zan bar muku a wannan mako ƙarami ne. Yau da daddare, bayan an ci tuwo, ki tara yaranki ki tambaye su hanyar da suke bi da wanda suke tafiya da shi. Gobe ki leƙa ta katanga ki yi wa maƙwabciyarki maganar tafiya tare. A tofe su da addu'a kullum kafin su fita, a kuma ɗaure raƙumi sannan a yi tawakkali. 'Ya'ya amana ne, kuma za a tambaye mu.

Allah Ya raya mana zuriya, Ya shirya waɗanda suka kauce, Ya mayar wa iyayen da ke kuka da 'ya'yansu lafiya. Sai mako mai zuwa idan Mai Kowa Mai Komai Ya kai mu. Wassalamu alaikum.