Maniyyata Masu Na'urar Numfashi da Daren Muzdalifa

A unguwar Pissy da ke yammacin birnin Wagadugu mun saba da ɗauke wuta a lokacin zafi, daga Maris zuwa Mayu. Ga yawancinmu abin bai wuce zufa ba. Amma akwai dattawanmu da maƙogwaronsu ke toshewa cikin barci, su yi ta minshari suna farkawa a firgice. Su wuta ce ke juya musu na'urar CPAP mai hura iska ta hanci, wadda likitan nan na Ostareliya, Colin Sullivan, ya bayyana wa duniya a 1981.

A gida ana dabara da batirin mota ko na sola. Inda gizo ke saƙa shi ne aikin hajji. A Muzdalifa a fili ake kwana, ba inda mahajjaci zai jona waya, batirin mota kuwa ba a shiga jirgi da shi. Na litiyam ake ɗauka, a jakar hannu, ba cikin kayan awo ba. Wanda ƙarfinsa bai wuce wat-awa 100 ba yana wucewa. Daga nan zuwa 160 sai da izinin kamfanin jirgin.

Ƙaramin batiri yakan kai asuba idan aka kashe tukunyar da ke ɗumama ruwa, don ta fi injin kansa shan wuta. A ganinmu, Alhaji ya gwada kwana guda da batirin a tsakar gidansa tun kafin a kira jirginsu.