YADDA AKE GANE YOYON MAN BIRKI DA GYARA SHI

Motar da ke jigilar mutane da kaya zuwa kasuwa dukiya ce babba. Amma idan ta tashi ta kasa tsayawa, sai ta zama ajali. Abin da ke tsai da ƙananan motoci da bas-bas da a-kori-kura shi ne man birki. Direbobi da yawa in sun ga man ya ragu sai su ƙara wani, su kama hanya. Ƙari ba gyara ba ne. Dole a nemo inda man yake zuba.

Yadda man birki ke aiki

Idan direba ya taka birki, yana tura wani famfo ne da bakanikai ke kira masta. Masta yana tura mai cikin siraran bututun ƙarfe da tiyo na roba zuwa ƙafafun mota huɗu. Ƙarfin man ne ke matse birki har taya ta tsaya. Man birki ba ya ƙonewa yadda fetur ke yi. Yakan ɗan sauka a hankali cikin watanni saboda cinyewar birki. Idan kuwa ya ragu cikin 'yan kwanaki, to, akwai yoyo.

Alamomin yoyo

Alama ta farko, birki ya yi laushi, ko sai an taka sau biyu ko uku kafin ya kama. Ta biyu, ƙafar direba ta riƙa nutsewa har ƙasa. Ta uku, jar fitilar birki ta kunnu a gaban direba. Ta huɗu, mota ta riƙa ja gefe guda in an taka birki. Ta biyar, a ga ɗigon mai a inda mota ta kwana. Sabon man birki garau yake, ruwan ɗorawa-ɗorawa. Tsoho yana yin duhu. Yana da santsi a hannu, amma bai kai baƙin mai kauri ba.

Yadda ake neman wurin

A ajiye mota a wuri mai daidai, a kashe inji, a sa dutse a bayan taya. A buɗe bonet a duba gorar man birki. Akwai zane biyu a jikinta. Na sama an rubuta MAX, na ƙasa MIN. Man ya zauna tsakaninsu.

Daga nan a goge masta da bututu da tsumma mai tsabta. A shimfiɗa takarda ko buhun siminti a ƙarƙashin mota. Mutum ɗaya ya shiga ya taka birki da ƙarfi ya riƙe, ɗaya kuma ya leƙa da tocila. Wurare huɗu ne suka fi yoyo. Akwai bayan masta, inda yake haɗe da jikin mota. Akwai bututun ƙarfe, wanda tsatsa ke ci ko dutse ya buge shi a hanyar karkara. Akwai tiyon roba na kusa da taya, wanda ke tsagewa ko kumbura in ya tsufa. Akwai kuma ƙaramin silinda da ke cikin kowace ƙafa. Idan cikin taya ya jiƙe da mai, daga nan ne.

Wani lokaci ba a ganin ɗigo ko ɗaya, amma birki yana nutsewa in an riƙe shi. Wannan alama ce robobin cikin masta sun mutu.

Kada kowa ya shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ya ɗaga. A tokare ta da kututture mai ƙarfi.

Yadda ake gyara

Idan noti ne ya saki, a ɗaure shi da sifana daidai wa daida. Tiyon da ya tsage a sake sabo. Bututun da ya huje shi ma a sake shi. Ba a ɗaure shi da roba ko leda, ba a liƙe shi da gam, domin ƙarfin man zai fasa ɗaurin. Silinda ko masta mai yoyo, bakanike zai sake masa robobi ko ya sa sabo. Idan mai ya jiƙa birki-shu, wato abin da ke matse ƙafa, a sake shi, dama da hagu tare.

Bayan gyara sai a fitar da iskar da ta shiga bututu. Aikin mutum biyu ne. Ɗaya ya taka birki sau uku ya riƙe. Ɗaya ya kwance ɗan notin da ke bayan ƙafa, mai da kumfa su fito, ya ɗaure kafin a ɗaga ƙafa. A maimaita har kumfa ya ƙare. A yawancin motoci ana farawa da ƙafar da ta fi nisa da masta. A riƙa ƙara mai don kada gora ta bushe. A ƙarshe a gwada motar a hankali a fili kafin a ɗauki fasinja.

Man da ya dace

A duba murfin gora. Yawanci an rubuta DOT 3 ko DOT 4. Shi za a saya, a gwangwani mai hatimi. Kada a haɗa su da DOT 5. Kada a zuba ruwan sabulu ko baƙin mai ko manja. Baƙin mai yana kumbura robobi. Ruwa yana kawo tsatsa, kuma yana tafasa a digiri 100, alhali sabon DOT 3 sai ya kai 205, DOT 4 kuma 230. In ruwa ya tafasa a gangara, birki ya tafi ke nan. Man birki da kansa yana shan danshi, don haka ake sake shi duk shekara biyu. Guba ne, a ɓoye shi daga yara. In ya shiga ido a wanke da ruwa mai yawa, a tafi asibiti.

Idan birki ya ƙi a hanya, direba ya riƙa takawa yana saki da sauri, ya sauko da giya ɗaya bayan ɗaya, ya ja birkin hannu a hankali. In ya samu ya tsaya, kada ya sake tashi sai bakanike ya zo. Da muguwar rawa gwamma ƙin tashi.