Idan Kwamfuta Ta Yi Gum a Tsakiyar Gem

A Kusada da Kankiya, kwamfutar da za ka gani a hannun saurayi galibi 'yar kwatano ce da aka sayo a Kano, ta sha hannu kafin ta iso. Tun da Microsoft ya janye kulawa daga Windows 10 ranar 14 ga Oktoba 2025, Linux ta zama mafita ga mai irin wannan tsohuwar na'ura: kyauta ce, ba ta da nauyi, kuma tun 2018 da kamfanin Valve ya fitar da Proton, gem ɗin Windows da yawa suna tashi a kanta. Sai dai a ɗora ta, a buɗe gem, hoto na gudu lafiya lau, lasifika kuwa ta yi gum. Ko kuma ta dinga ƙarar-ƙarar kamar ana suyar gyaɗa.

Nan ne mutanenmu ke ɓata data. Wanda ya saba da Windows sai ya bazama intanet neman direban sauti na Realtek, ya sauko da fayil ɗin da ba zai ma buɗu ba. A Linux direban sauti yana cikin zuciyar manhajar, wato kanel. Sunansa ALSA, shi ne tsayayye tun fitowar kanel 2.6 a 2003. Wanda ke son sabon direba, kanel ɗin zai sabunta tare da sauran manhajar, daga ma'ajiyar nau'in Linux ɗin da ya ɗora, Ubuntu ne ko Mint ko wani.

A saman ALSA akwai mai rabon sauti, wanda ke haɗa muryar gem da ta waƙa da ta abokin hira ba tare da sun tankwafe juna ba. Da can PulseAudio ke wannan aiki. Yanzu PipeWire ya karɓe: Fedora ta koma kansa a 2021, Ubuntu a 2022, Mint a 2024. Ga mai gem wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin jinkirin sauti ya ragu. A wasan harbi, idan takun abokin gaba ya iso kunnenka a makare, an riga an gama da kai.

Amma ni a ganina, kafin ka kai kwamfuta wurin mai gyara, buɗe baƙar tagar rubuta umarni, ka buga alsamixer. Za ka ga ginshiƙai a jere. Duk wanda ke da MM a gindinsa a toshe yake; matsa harafin M, sai ya koma 00. Sau da yawa ciwon ke nan, ba wani direba. Idan kuma a saitin sauti aka rubuta maka Dummy Output, to na'urar ba ta ga katin sautin ba sam. A kwamfutocin Intel na baya-bayan nan, ƙunshin firmware-sof-signed ne kan gyara wannan a Ubuntu.

Sabuntawa na cin data, kuma ba a yin ta da batir mai mutuwa. Kowa ya san halin wuta a ƙauyukanmu. Idan ta ɗauke ana tsakiyar girka kanel, kwamfutar na iya ƙin tashi. A cika caji tukuna, ko a je shagon mai sola. Tsohon kanel kuma kada a goge shi, yana nan a jerin GRUB, wato jerin zaɓi na lokacin kunna kwamfuta, idan sabon ya ƙi.

Iyafis ɗin Bluetooth kuwa jinkirinsa a jininsa yake, direba ba ya raba shi da shi gaba ɗaya. Mai gem ya nemi mai waya, ko da na arha ne a kasuwar Kankiya.