Alwala da Ƙafar Mai Ciwon Suga

A Kotobabi da Nima muna wanke ƙafa sau biyar a yini, amma kaɗan ne cikinmu ke dubanta. Ciwon suga yana kashe jijiyoyin ƙafa, har ƙusa ta soki dattijo bai sani ba. Ƙaramin rauni ya zama gyambo, gyambo ya kai shi Korle Bu a yanke ƙafar.

Saboda haka bayan alwala mu tsane tsakanin yatsu, mu duba tafin ƙafa, ko da madubi ne. Kada iyayenmu su taka simintin harabar masallaci da azahar babu takalmi, kada mai yankan farce ya sa musu reza. Rauni kuwa, ko ba ya zafi, a kai shi asibitin Maamobi a ranar.