Tsohon Firji da Sabon Gas: Darasi daga Kantin Kwari

Idan bazara ta kankama a Kano, wato cikin watannin Maris da Afrilu, zafi kan kai digiri 40 a ma'aunin Selshiyos. A irin wannan lokaci da wuya a sami inda ake jin sa kamar Kantin Kwari, babbar kasuwar yadi da atamfa da ke Fagge, inda benaye suka tare iska, dilolin kaya kuma suka cika lunguna. Mai sayar da ruwan leda da zoɓo jarinsa yana cikin firji ne, mai babban shago kuwa iyakwandishan ne ke zaunar masa da abokan ciniki. Da yawa daga cikin waɗannan na'urori na hannu ne, waɗanda suka gama aiki a Turai kafin su iso shagunan Sabon Gari. Ranar da ɗayansu ya daina sanyi, abin da ake cewa shi ne, "Gas ya ƙare, a kira mai gyara ya zuba." Sai dai gas ɗin da aka ƙera tsofaffin na'urorin da shi, wani an riga an hana yin sa, wani kuma kwanansa ya kusa ƙarewa. To, me za a zuba a gurbinsa?

Yadda firji yake kawo sanyi

Duk wanda ya san randa ya san rabin ilimin firji. Ruwan da ke tsattsafowa ta jikin randa yana bin iska, kuma garin bin iskar sai ya tafi da zafin ruwan da ke ciki. Haka firji yake yi, sai dai nasa ruwan na musamman ne, yana tafasa tun a cikin tsananin sanyi. Alal misali, wanda ake kira R12 yana tafasa a digiri 30 ƙasa da sifiri. Idan ya tafasa a bututun da ke cikin firji sai ya zuƙe zafin abinci ya zama gas. Daga nan kwamfaresa ta matse shi ta tura shi bututun baya, inda zai saki zafin ya koma ruwa, ya ratsa wani siririn bututu ya sake zagayowa. Da'irar a rufe take ruf, saboda haka gas ba ya ƙonewa kamar fetur, ba ya kuma ƙarewa don aiki. In ya ragu, to akwai inda yake yoyo.

Gas ɗin da duniya ta juya wa baya

A shekarar 1928 wani masanin sinadarai a Amurka, Thomas Midgley, ya jagoranci samar da rukunin gas da ake kira CFC, wanda R12 yake cikinsa, aka kuma yi ta sayar da shi da sunan Freon. An yi maraba da shi domin ba ya kama wuta, ba shi kuma da guba. Sai a 1974 masana biyu, Mario Molina da Sherwood Rowland, suka nuna cewa wannan gas yana hawa can sama inda lemar ozon take, kimanin kilomita 15 zuwa 35 daga doron ƙasa. Wannan lema ita ce ke tace wani kaifin hasken rana da ido ba ya gani, mai haddasa sankarar fata da yanar ido. A can sama hasken kan fasa gas ɗin ya saki kulorin, kuma ƙwayar kulorin guda tana iya lalata dubban ƙwayoyin ozon. A 1985 masu bincike na Birtaniya suka ba da rahoton wani wagegen giɓi a lemar, a saman Antatika.

Wannan ne ya kai ga Yarjejeniyar Montreal ta ranar 16 ga Satumba, 1987, wadda Nijeriya ta shiga a 1988. Ƙasashe masu arzikin masana'antu sun daina yin CFC a 1996, masu tasowa kuma aka ba su zuwa 2010. Gas ɗin tsofaffin iyakwandishan, R22, ɓarnarsa ga ozon ba ta kai ta R12 ba, shi ya sa aka yi masa jinkiri: ana rage shi mataki-mataki a ƙasashe masu tasowa tun 2013, za a kuma rufe babinsa a 2030, ban da ɗan abin da za a bari don gyare-gyare.

Magadansu, wato R134a a firji da motoci da R410A a iyakwandishan, ba su taɓa ozon ko kaɗan. Amma an gudu ba a tsira ba, domin kilo guda na R134a yana riƙe zafi a sararin sama kamar kilo 1,430 na iskar kabon dayoksaid, na R410A kuwa ya haura 2,000. Don haka a 2016, a Kigali ta Ruwanda, aka yi wa yarjejeniyar ƙari domin su ma a rage su. Yanzu hankali ya koma ga R600a da R290, dangin gas ɗin girki, waɗanda tasirinsu ga ɗumamar yanayi ƙalilan ne ƙwarai.

Abin da ya hana a zuba kowane gas

Kowace na'ura an auna ta ne da gas ɗinta, kamar yadda tela ke auna mutum kafin ya yanka yadi. Abubuwa uku ne ke kawo cikas.

Na farko shi ne mai. A cikin kwamfaresa akwai man da ke hana ƙarafa cin juna, kuma gas ne ke yawo da shi ya komo da shi. R12 da R22 suna gauraya da man da aka tace daga ɗanyen fetur, amma R134a ba ya jituwa da shi. Idan aka zuba R134a a tsohon firji ba tare da canza mai ba, man kan maƙale a bututu, kwamfaresa ta bushe, bayan wani lokaci ta ƙone. Gyaran gangar Auzinawa ke nan.

Na biyu shi ne ƙarfin matsi. R410A yana aiki da matsin da ya ɗara na R22 da kusan rabi. Bututu da kwamfaresar tsohon iyakwandishan ba a yi su don wannan nauyi ba, don haka ba a zuba shi a cikinsu sam. Wanda ya fi kusa da R22 a hali shi ne R407C, shi ma sai an wanke na'ura an sauya mai.

Na uku, wanda ya fi shafar Kantin Kwari, shi ne wuta. R600a da R290 suna kamawa, sun fi iska nauyi, kuma tsantsarsu ba ta da wari. Firjin da aka ƙera dominsu ɗan kaɗan yake ɗauka, kuma an tsare sassan lantarkinsa daga tartsatsi. Tsohon iyakwandishan ba shi da wannan kariya, ga shi yana cin gas da yawa. Idan ya yi yoyo a shagon da ke kulle cike da shadda da leshi, gas ɗin zai kwanta a ƙasa yana jiran tartsatsin soket ko na janareta. Wanda ya tuna gobarar Kasuwar Sabon Gari ta watan Maris 2016 ba ya bukatar a gaya masa abin da wuta ke yi wa kasuwa. Gas ɗin girki kuwa, ko da yake danginsu ne, yana ɗauke da danshi da wasu gauraye, bai kamata ya shiga firji ba.

Akwai kuma jabu. A 2011 wasu kwantenonin sanyi sun fashe a tashoshin jiragen ruwa na Biyetnam da Burazil, har aka rasa rayuka, bincike kuma ya danganta abin da gas ɗin jabu da aka sayar da sunan R134a. Tukunyar da farashinta ya faɗi ƙasa da na kowa abar tuhuma ce, araha dai ba ta ado.

Hanyar da ta dace

Gyara na gari yana farawa da karanta ɗan allon da ke jikin na'ura ko kwamfaresa, inda aka rubuta sunan gas da nauyinsa. Sai a nemo wurin yoyo da kumfar sabulu. A kwashe ragowar tsohon gas cikin tukunya maimakon a sake shi a iska, kada kuma a kusanto da wutar walda kafin bututu ya zama fanko, domin R12 da R22 kan fid da hayaƙi mai guba in sun haɗu da harshen wuta. Bayan liƙi, a canza mai da matata, a zuƙe iska da danshi da famfo, a auna sabon gas a sikeli, sannan a manna takardar da ke nuna abin da aka zuba, don mai gyaran da zai zo gobe. Ba a haɗa gas iri biyu a na'ura guda. Idan kuwa na'urar ta tsufa ƙwarai, sau da yawa kuɗin gyara da na man janareta sun fi kuɗin sabuwa.

Rahoton masana na Majalisar Ɗinkin Duniya na 2022 ya nuna cewa lemar ozon za ta koma yadda take a 1980 wajen shekarar 2040 a yawancin duniya, a saman Antatika kuwa wajen 2066. Wani ɓangare na wannan aiki yana hannun masu gyaran Fagge da Sabon Gari, da ɗaliban da za su gaje su. Malami zai iya aika 'yan ajinsa su karanto allon firjin gidansu, su zo a tattauna abin da suka gani.